Sikanar Baba Yakubu

Ran Laraba da hantsi Anti Rifkatu ta kira ni ta saman katanga, ta ce in bar duk abin da nake yi in zo. Wanke-wanke nake yi. Na shiga gidansu da kumfa a hannu, na tarar da ita a ƙasa tsakanin kwalaye da ƙullin kaya, ta miƙe ƙafafu, da wani tsohon albam a cinyarta.

Tun kafin a haife ni Anti take haya a gidan da ke jikin namu a Gyadi-Gyadi. Nas ce a asibitin koyarwa, bara ta yi ritaya. Mijinta, Baba Yakubu, ya shekara takwas da rasuwa, yanzu kuma ta yanke shawarar komawa gida Kagoro. Ɗanta Godwin zai zo da mota ran Asabar da safe ya kwashe ta da kayanta. Ita da mahaifiyata aji ɗaya suka yi a makarantar koyon aikin jinya, gadonsu ma yana kusa da juna.

Mahaifiyata Nafisa ta rasu ina da shekara huɗu. Hotunanta duka ruwa ya cinye su a daminar da ya shigo mana ɗaki har gwiwa. Katin shaidar aikinta ne kawai ya tsira, shi ma fuskar ta koɗe ta zama kamar tabon shayi a mayafi. Da bakin mutane na san uwata. Wannan ya ce doguwa ce, waccan ta ce tana da wushirya, wata kuma ta rantse ba ta da ita. Na kai shekara ashirin da uku ban san wa zan gaskata ba.

Anti ta ce albam ɗin ta ɗauka ya daɗe da ɓata, sai ga shi a ƙasan akwatin ƙarfen Baba Yakubu da ba ta buɗe ba tun rasuwarsa. Ta buɗe wani shafi, ta ɗora yatsa a kan wata yarinya a layin baya, cikin 'yan mata kusan talatin masu fararen kaya. Fuskar ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba.

"Ga ta nan, Naja'atu. Ga uwarki."

Na goge hannuna a zani sau uku kafin na taɓa shafin.

Tana cikin hotuna da yawa, amma duk ƙanana ne, kuma sun manne da takarda. Anti ta riga ta gwada ɓamɓaro ɗaya don ta ba ni, bayansa ya yage, ta tsorata ta bari. Ba za ta iya bar mini albam ɗin ba, don a bayan shafukan nan akwai hotunan aurenta da na iyayenta. Na gwada ɗauka da waya. Ledar da ke kan hotunan ta riƙa mayar da haske, idan kuma na ja fuskar don ta girma sai ta narke ta zama hazo. Na ce to mu kai shagon da ake sikanin a titin Gidan Zu. Anti ta rungume albam ɗin, ta ce shafukansa zubewa suke da kansu, ba zai ƙetare ƙofar nan ba sai ran da za ta shiga mota da shi a jaka. Ban ga laifinta ba.

Ita ce ta tuna cewa akwai sikanar Baba Yakubu, ta shagonsa na Tarauni inda yake buga takardu da hoton-kwafi. Muka jawo ta daga ƙarƙashin gado. Faffaɗa ce, mai nauyi, ruwan toka, gilashinta ko ƙarzuwa babu. Na juya bayanta na ga ramuka biyu: ɗaya mai kusurwa huɗu, na wayar da ke zuwa kwamfuta, ɗaya zagayayye, na wuta. Muka zazzage kwalin, babu ko waya ɗaya. A ƙasanta akwai takardar da ta ce bolt ashirin da huɗu take sha.

Ni difloma na yi a kan kwamfuta, kuma sakamakona ya fi na duk mazan ajinmu. Shekara guda ke nan ina zaune a gida ina kai takardun neman aiki, ina jin mata a gidan suna suna cewa da ma ɗinki yarinyar nan ta koya. Ban taɓa sunkuyar da kai don maganarsu ba, kuma ban ga dalilin da zai sa waya biyu su gagare ni ba. Na ce wa Anti ta ba ni zuwa Juma'a da yamma.

Na koma gida da gudu na ba Inna labari. Inna Balaraba kakata ce ta wajen uwa, ita ta riƙe ni tun ina ƙarama, mu biyu ne a gidan. Tana zaune a kan tabarma tana tsinke zogale. Na gaya mata komai, har da yadda hular nas ta zauna a kan mahaifiyata. Ba ta ɗago ba. Da na gama sai ta tambaye ni ko kwanukan da na bari a ruwa su za su wanke kansu.

Na san dalili, ba wai ban sani ba. Mahaifiyata ce 'yar farin Inna, Inna kuwa mutuniyar da ce, masu kunyar ɗan fari. Ba ta taɓa kiran sunanta ba, tana raye ko bayan ta rasu. Idan dole ta kama sai ta ce "waccan". An ce ran da aka kawo gawar ma Inna ce ke ba mutane haƙuri, tana zuba musu ruwa a buta. Na sha jin ana yabonta a kan wannan. Ni dai a lokacin ban ga abin yabo ba. A ganina al'adar da za ta hana uwa ɗaga kai idan an ce ga fuskar 'yarta, ba al'adar riƙewa ba ce. Ban faɗa ba. Na je na ƙarasa wanke-wanke da ƙarfin da har na lotsa murfin tukunya.

Ran Alhamis tun da safe na ɗauki hoton bayan sikanar da na takardar ƙasanta, na tafi kasuwar waya ta Fam Santa. Wayar kwamfutar ba ta ba ni wahala ba, irin ta firinta ce, a shago na biyu na samu. Adaftar wuta ce ta zama aiki. Duk shagon da na shiga sai an tambaye ni wace irin waya nake riƙewa, kamar mace ba ta zuwa kasuwar nan sai neman caja. Wani ya ce in turo yayana ya yi musu bayani. Na ce ni ce yayan. Wani ya kalli hoton ya yi dariya, ya ce wannan sikanar ta girme ni, in kai ta gidan tarihi. Ruwa ya sauko, na fake a rumfar mai gyaran allon waya, ya ɗauke, rana ta fito da zafinta, na ci gaba da zagaye da jiƙaƙƙen hijabi da taɓo har idon sawu.

A ƙarshen wani lungu aka nuna mini shagon Malam Lawan, mai tsofaffin kayan kwamfuta. Dattijo ne mai gemu ja da lalle. Shi kam ya saurare ni. Ya zazzage buhu biyu na adaftoci a ƙasa, muka durƙusa muna duba bayansu ɗaya bayan ɗaya: sha biyu, tara, sha biyu, biyar, sha tara. Da ya gaji sai ya ɗauko wata cajar laftof mai bolt sha tara, ya ce bakinta zai shiga, in je in gwada, ai duk ɗaya ne. Na ce ba ɗaya ba ne, wuta idan ta gaza abin ba zai tashi ba, idan kuma ƙafafun cikin bakin sun saɓa sai ta ƙone, sikanar kuwa guda ɗaya ce a duniyata. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce a ina na yi karatu. Na gaya masa. Ya ce to Hajiya Injiniya, gaskiyarki, amma ki tafi da ita kyauta, ta shekara biyu tana cin masa wuri. Na karɓa don kada in gwasale dattijo. Na hau adaidaita na ƙara leƙa wasu shaguna a cikin gari, na dawo da la'asar sakaliya ƙafafuna sun yi tsami, babu adafta.

Anti ta shigo gidanmu ta same ni ina wanke taɓo a bakin rariya. Ta tambayi kamannin abin da nake nema, ko za ta tuna inda ta gan shi. Na ce baƙi ne, girmansa kamar sabulun wanki, amma da nauyi, waya ta fita ta nan, wata ta fita ta can, a bayansa an rubuta biyu da huɗu.  Ta ce da aka rufe shagon, kwalin wayoyin ya daɗe a zauren gidanmu don nasu ya cika, kuma ta ce wa kowa ya ɗebi abin da zai masa amfani. Wa ya san inda suka ƙare. Ta dafa kafaɗata ta ce idan bai yiwu ba mu haƙura da na waya, Allah ya sa watarana in zo Kagoro. Na ce zai yiwu. 

Duk wannan Inna tana gefe tana alwala. Da ta idar ta shige ɗakinta.

Ran Juma'a na tashi da niyyar fita da wuri, in zagaya sauran shagunan kafin a rufe don tafiya masallaci. Na sa hijabi, na rataya jaka, na durƙusa a gaban Inna na ce na tafi. Tana tsakar gida tana shan kunu. Ta ce in ajiye jakar nan in kwance mata gidan sauronta in wanke.

"Inna, yau kaɗai ta rage mini."

"Na sani. Shi ma yau yake son wanki."

"Gobe zan wanke. Wallahi gobe da sassafe."

"Gobe rana ba lallai ta fito ba. Damina ce."

Ban san lokacin da maganar ta kuɓuce mini ba. Na ce idan ita ba ta damu ta ga fuskarta ba, ni na damu, kuma ba zan zauna ina wanke ƙyalle mota ta tafi da uwata ba. Tunda nake ban taɓa yi wa Inna magana haka ba. Ludayin ya tsaya a hannunta. Na jira faɗa, har na shirya amsa. Sai ta ci gaba da juya kununta.

"Injiniya," ta ce, don haka take kirana idan tana son tsokana, "ki fara da kusurwar da ke wajen taga."

Na wurgar da jakar na shiga ɗakin ina huci. Ban fara da ta wajen taga ba, don kawai ta ce in fara da ita. Na fizge sauran ukun, waɗanda aka ɗaure da tsumma a jikin ƙusa. Ta huɗun ba ta da ƙusa, bangon wajen ya daɗe da rububbushewa. Wata baƙar igiya ce aka ɗaura mata, aka ratayo ta kan ƙarfen taga, ta sauka ta bayan gado. Na san da ita, kullum ina ganinta. Dabarar Inna ce: akwai wani abu mai nauyi a ƙarshen igiyar, idan ta ja gidan sauron zai sauko, idan ta saki ya koma sama da kansa, ba ya yagewa. Shekara da shekaru ina share ƙarƙashin abin nan, ina ture shi da tsintsiya. An ɗinke shi cikin ƙyallen atamfa don kada ya goge bango, ni kuma na ɗauka dutse ne.

Da na kama igiyar sai hannuna ya gaya mini ba igiya ba ce. Roba ce mai santsi. Na jawo, abin ya taso daga bayan gado yana lilo. Ɗinkin ƙyallen a farke yake ta gefe ɗaya, zaren ya fito fari tas, sabuwar farka, ga rezar Inna a kan taga. Na buɗa da yatsa. Biyu da huɗu.

Inna ba ta karanta boko, amma lamba ba ta ɓace mata, ta shekara tana duba katin asibiti. Ta ji bayanina jiya, ta shiga ta farke ta duba. Ba za ta iya miƙo mini ta ce ga shi, je ki fito mini da fuskar 'yata ba. Wankin gidan sauro ta iya cewa.

Na daɗe a zaune a bakin gadon da adaftar a cinyata. Da na fito na durƙusa a gabanta zan ba ta haƙuri, ta riga ni magana. Ta ce wannan ƙarfen nata ne, aro ta ba ni, kuma gidan sauron yana nan yana jirana, kada in ɗauka na tsira. Sai da na jiƙa shi a baho da omo sannan ta bar ni na fita.

A ɗakin Anti muka share kan wani kwali babba ya zama tebur. Babu wuta, don haka ta sa na kwance ƙaramin janaretonta da aka riga aka ɗaure, na ja shi sau shida kafin ya tashi. Na bi wayar adaftar da yatsa daga farko har ƙarshe. A inda ta shekara tana gogar ƙarfen taga robar ta ɗan sale, amma tagullar ciki ba ta fito ba, na naɗe wurin da baƙin salatif. Na ƙara duba zanen da ke bayan adaftar da na ƙasan sikanar, na ga ƙafafun sun dace. Na sa bakin zagayayyen a raminsa, ya shiga daram kamar jiya aka zare shi. Sannan na sa mai kusurwa huɗun, ɗaya bakin a jikin kwamfutata. Manhajar da za ta sa su fahimci juna tun daren Laraba na sauko da ita. Na yi bisimilla na kunna soket.

Koren haske ya kama. Anti ta ce Allah mun gode. Sai sikanar ta fara wata ƙara, gar-gar-gar, kamar injin markaɗe ya haɗu da tsakuwa, fitilar cikinta tana rawa a wuri ɗaya ba ta tafiya. Na kashe da sauri.  Na fara lissafa abin da aka koya mana: ko bel ɗin da ke jan fitilar ya tsinke, ko ɗan injin cikinta ya ƙone, ko adaftar ta gaji. Ina ta faɗin sunayen abubuwa da Turanci, Anti tana kallona. Can ta ce ita dai ba ta san ko ɗaya ba, amma Baban Godwin duk ran da ya ɗauko ta daga gida zuwa shago sai ya kifa ta ya tura wani abu da farce, har tana masa tsiya wai yana yi wa na'ura susa. Na kifa ta. Ga ɗan maɓalli nan a lungu, da zanen kwaɗo a rufe da kwaɗo a buɗe. Makullin da ke riƙe fitilar ne don kada ta yi yawo idan ana tafiya da ita. Baba Yakubu ya kulle ta ran da ya rufe shago, shekara takwas tana jiran a buɗe. Na tura da farce. Anti ta ce difloma dai ta gaishe da mai ritaya. Na ce ta gaishe ta har ƙasa.

Wannan karon fitilar ta tafi sumul har ƙarshen gilashi ta dawo.

Saura wurin ajiya. Cikin kwamfutata ya kusa cika, hotunan kuwa ina son in ɗauke su da girma sosai don fuskar gyaɗar nan ta buɗe. Na zo da faifan ajiyata na waje, wanda na tara takarduna na makaranta a ciki. Ramukan kwamfutar biyu ne kacal, sikana ta cinye ɗaya, linzami, wato maus, yana ɗayan. Na sa ɗan reshen da ke raba rami ɗaya zuwa baki huɗu, na jona faifan da linzamin a jikinsa. Faifan ya fara ƙyas-ƙyas, ya bayyana ya ɓace. Wutar da reshen ke raba musu ba ta ishe shi ba. Na zare reshen gaba ɗaya, na ba faifan raminsa shi kaɗai, na haƙura da linzami na koma shafa da yatsa. Ya yi shiru, ya kama aiki.

Albam ɗin ya yi kauri, murfin sikanar ba ya rufuwa a kansa, haske yana shiga ta gefe. Anti ta kwance wani ƙulli ta ciro zaninta na zumuntar matan coci, ta ninka huɗu ta lulluɓe. Ita ke kifa shafi da hannu biyu kamar tana kwantar da jariri, ni ina danna. Kowane hoto sai ya ci minti uku ko huɗu. Muna jin liman yana huɗuba daga masallacin bakin titi, aka idar, masu dawowa suka wuce, muna nan.

Na farkon da na buɗe shi ne na 'yan ajin. Na ja layin baya, na ƙara ja. Fuskar ba ta narke ba. Ta yi ta girma har ta cika allon. Dariya take yi, hular ta karkace, ta ɗan kauda ido gefe kamar wata ta faɗi abin ban dariya a daidai lokacin. Tana da wushirya. Goshina ne, hancina ne. Ban yi kuka a kasuwa ba, ban yi a gaban Inna ba, a nan ma na so in riƙe, Anti ce ta ɓata mini shiri da ta ce ita ce ta sa ta dariyar, ta ce mata malamar da ke gaba ta sa takalmi wari da wari.

Muka yi arba'in da ɗaya, har da na auren Anti da na iyayenta, don na ce ba za a tashi sikanar Baba Yakubu a bar shi a baya ba. Kowane hoto da labarinsa. Ga su a bakin famfo da bokiti. Ga mahaifiyata ran Kirsimeti a gidan su Anti tana cin shinkafa, ga Anti ran Sallah da lalle har gwiwar hannu. Ga wani da mahaifiyata take riƙe da jaririya mai kumatu tana kallonta, ba ta kalli mai ɗauka ba. Ban tambayi wace ce jaririyar ba.

Kafin magariba na gama. Na kwafa komai a filasha na ba Anti, na ce wa kwamfuta ta saki faifan, na jira haskensa ya daina ƙiftawa sannan na zare. Na leƙa gida na ce Inna ta zo ta gani. Ta ce tuwo take tuƙawa, kuma ita ba ta kallon talabijin.

Godwin ya iso ran Asabar da hantsi. Inna ta fito da ƙullin kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, ta ce wa Anti can garinku ba za ki samu irin wannan ba. Anti ta ce sai dai Inna ta zo ta gani da idonta. Suka riƙe hannun juna suka daɗe, suna ta yafe wa juna laifin da ba wanda ya tuna. Da Godwin ya ɗauko sikanar zai sa a mota, Anti ta ce ya mayar, ta samu mai ita. Ta rungume ni, ta ce in riƙa kulle makullin sikanar kafin in ɗaga ta. Albam ɗin yana jakarta ta hannu. Na tsaya har motar ta sha kwana.

Gidan sauron ya bushe. Na mayar da kusurwa uku a ƙusoshinsu. Inna ta tsaya a ƙofa ta ce ina ƙarfenta. Na ce ƙarfenta ya samu aikin gwamnati, amma na kawo mata madadi. Na ɗauko cajar Malam Lawan, na ɗinke ta a cikin ƙyallen, na ratayo ta kan taga. Inna ta ja, gidan sauron ya sauko, ta saki, ya koma. Ta gwada sau uku tana neman aibu. Ta ce ba laifi, duk ɗaya ne.

Daga nan na shigo da kwamfutata ɗakinta. Na ce soket ɗin ɗakina yana wasa, zan bar ta a nan ta sha caji. Soket ɗina lafiyarsa ƙalau. Na ɗora ta a kan akwati daidai saitin gadonta, na jona faifan, na buɗe hoton layin baya na ja shi har ya cika allon. Na ce zan je Daurawa in karɓo ɗinkina, zan ɗan jima. Ita kuwa tana ta gyaran zanin gado da ba abin da ya same shi.

Ban je ko'ina ba. Na zauna a zaure na kusan awa guda ina kallon ruwa yana ɗiga daga indararo.

Da na dawo na yi sallama da ƙarfi tun daga tsakar gida, na ɗan ja ƙafa. Na tarar da ita a bakin gado ta juya wa kwamfutar gefe, tana jan carbi. Amma tabaraunta, wanda ba ta sawa sai za ta zura allura, yana kan hancinta, akwatin kuma ya matso kusa da gado da kusan taku biyu.

Na ce bari in ɗauke kayana, na san sun cika mata ɗaki. Na kai hannu wajen wayar faifan.

"Bar ta," in ji Inna. "Ba ta gama shan wutar ba."

Batirin a cike yake, ina ganinsa. Na janye hannuna, na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta. Ta ja carbi kamar goma. Sannan, ba tare da ta dubi allon ba, ta ce waccan ba ta taɓa iya ɗora abu a ka daidai ba, ko ɗankwali ne sai ya karkace, ita Inna ta yi faɗa har ta gaji.

Ta miƙo hannu ta gyara mini nawa.

"Akwai wasu?" ta ce.

Na ce akwai arba'in. Ta ce to ai sai in matso da abin, ita ba ta gani daga nesa.